Shekarar da Na Tsaya a Zaure

Na sha jin ku kuna faɗa wa baƙi cewa takardar tambayoyin nan da ake karanta wa iyaye mata a wurin awon yara, babanku ne ya mayar da ita Hausa, kuma ita ce ta ceci jikana Abba. Ranar bikin Sadiya ma na ji ɗan'uwanku Auwalu yana ba abokan ango wannan labari, ina zaune ina jinsa ban gyara masa ba, don maganar ta yi mini daɗi. To yanzu ƙafa ta fara ƙi, ido ma ya ragu, gara in gyara da hannuna kafin ku gaji ƙaryar da ba ku san ƙarya ce ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin na Innarku ne, ni na danne mata shi shekara da shekaru.

Kun san karatuna bai yi nisa ba. Firamare na gama, sai ɗan kwas na aikin asibiti, daga nan na shiga yankan kati da awon yara, na fara a Sundimina, daga baya aka dawo da ni Birnin Kudu. Turancina na kati ne: suna, shekaru, nauyi, ranar dawowa. A shekarar da nake ba ku labari aka kawo mana wata likitar yara, Dakta Binta, 'yar siririya mai saurin tafiya, wadda ba ta shan shayinta sai ta gama zagayen gadaje. Ta zo da wata takarda ta Turanci mai tambayoyi goma sha wani abu, wadda a ƙasashen waje ake karanta wa uwa don a gane tun da wuri ko ɗanta yana da matsalar cin abinci: ko yana ƙwarewa, ko yana ajiye loma a kumatu ya ƙi haɗiyewa, ko sai an bi shi ana lallashi. Ta ce mu a nan sai yaro ya zama ƙashi da fata ake kawo shi, alhali da an yi wa uwarsa tambayar da ta dace tun watanni kafin nan, da an tare abin.

Ta bayyana mana yadda ake irin wannan aiki, ni kuma a raina na ce wannan ai wahalar da kai ne. Mutum biyu za su fassara, kowa shi kaɗai, ba mai leƙa na wani. Sai a zauna a haɗa su zama ɗaya. Sai a ba wani na uku, wanda bai taɓa ganin ta asalin ba, ya mayar da Hausar zuwa Turanci, a gani ko ma'ana ta zube a hanya. Bayan nan a fita a gwada ta a kan iyaye, a koma bayan mako biyu a sake tambayarsu a ga ko amsarsu ta tsaya. A ƙarshe likita ta duba yaran da kanta, a ga ko abin da takarda ta faɗa shi ne a jikin yaro. Sai ta ci duk wannan jarrabawa za a yarda a sa ta a asibitoci.

Mai fassara na farko wani malamin Hausa ne daga kwaleji, Malam Nasiru. Na biyu ni ne, ba don ilimi ba, sai don Dakta ta ji yadda nake magana da matan ƙauye a layin awo. Ranar haɗa fassarar, Hausar Malam Nasiru ta fito tas kamar labaran rediyo, sai dai a ciki akwai yaro zaune kan kujerar cin abinci da farantinsa a gabansa. Na ce ni dai a Sundimina a cinya na san yaro yana ci, ko a tabarma. Aka yi dariya, aka gyara wurare da dama yadda na ce. Sai Dakta ta faɗa a gaban kowa:

"Malam Sule ya san mutanensa."

Wannan magana ce ta kusa halaka jikana. Na tafi gida da ita kamar an naɗa mini rawani.

Da aka zo rabon wurare, ma'aikata mata biyu suka ɗauki cikin garin Birnin Kudu, ni aka ba ni ɓangaren Gwaram har zuwa Maruta, saboda ina da babur kuma ina da surukai a can. Umarnin a rubuce yake: a tambayi wadda take ciyar da yaron. Dakta ta tambaye ni ko a haɗa ni da mace. Na ce shekara ashirin da wani abu ina magana da mata a asibiti, ba yau zan nemi tafinta ba. Abin da ban tsaya na yi tunaninsa ba shi ne, a asibiti su ne suke zuwa wurina. A ƙauye ni zan je ƙofar gidan mutum.

Gidan farko a Maruta na wani dattijo ne mai fara'a. Na yi sallama, ya fito ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura mai sanyi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Ai ba sai an taso ta ba, Malam," in ji shi. "Ɗana ne. Tambaye ni."

Da na ce a'a, sai na yi dogon bayani, wataƙila ya ji ba daɗi, wataƙila ya ce gidansa ba a shiga, in koma Birnin Kudu a ce wanda ya san mutanensa an hana shi ƙofa. Na buɗe takarda. Yaron yana ƙwarewa in yana ci? Ya ce ko kusa. Ana bin sa da abinci? Ya ce ai abinci ne ke gudunsa. Kowace tambaya, Alhamdulillahi. A saman takardar, inda aka ce a sa sunan wanda ya amsa, na rubuta sunan matarsa. Daga nan hanya ta buɗe, gida bayan gida, zaure bayan zaure, damina guda ina shan furar mutane. Kun san yadda muke: maigida yana cin nasa a ƙofar gida tare da maƙwabta, yara kuma a zuba musu a kwano ɗaya a tsakar gida. Abin da uba yake gani shi ne kwano ya tafi wanke-wanke babu komai a ciki. Wanda ya cinye da wanda ya zauna yana kallo, bai sani ba. Mutanen nan ba ƙarya suka yi mini ba, iyakar saninsu suka faɗa. Ni na yi ƙaryar.

Gidan yayarku Hadiza a Gwaram yana cikin jerin. Lokacin Abba bai cika shekara biyu ba, ɗan fari, kuma sunana aka sa masa. Uba ba ya zarya gidan 'yarsa, don haka na tsaya a zaure na sa aka kira mini mijinta Ibrahim daga shagonsa na ɗinki. Ya zo ya durƙusa, ni ina kallon takarda shi yana kallon takalmina, kunyar surukuta ta kama mu duka biyu. Ko ce masa na yi yaron yana haɗiye turmi, e Baba zai ce. Muna cikin haka na ji tarin yaro daga cikin gida, tari mai nauyi daga ƙirji. Na ce murar damina ce. Na rubuta sunan Hadiza a sama, na hau babur. Bayan mako biyu na sake zagayowa, maza suka sake ba ni amsoshinsu na farko, ko ɗigo bai canja ba. Har alfahari na yi da hakan.

Dakta ta je Gwaram ta duba wasu daga cikin yaran da kanta. Abba ba ya cikin waɗanda aka kawo. Da ta dawo ta tara mu, ba faɗa ta yi ba, jikinta ne ya mutu. Ta ce ta ga yara masu ƙwarewa da masu ramewa waɗanda takardunsu suka ce lafiyarsu ƙalau. A cikin gari takardar tana gani, a ƙauye kuwa makauniya ce, ga shi ƙauyen ne ya fi bukatarta. Ta ce ba za ta sa a asibiti abin da zai sallami yaro marar lafiya ba, don haka za ta rubuta cewa gwajin bai ci ba, a ajiye. Malam Nasiru, bawan Allah, ya ɗauki laifin ya ce wataƙila Hausarsa ce ta yi tsauri. Ni kuwa na girgiza kai na ce wallahi abin da mamaki. Har yau ina neman gafarar wannan rantsuwa.

A makon ne Innarku ta je suna Gwaram ta kwana biyu wurin Hadiza. Ta dawo da la'asar, ko mayafi ba ta cire ba ta same ni a tsakar gida. Kun san wasanta da jikoki maza, duk mazajenta ne, Abba kuwa shi ne ango. Ta ce in an zuba tuwo, 'ya'yan wan Ibrahim su uku ne suke cinyewa, shi yana riƙe da loma ɗaya a kumatu har a ɗauke kwano. Da aka ga yana ramewa, kakarsa ta wajen uba ta koma yi masa ɗura: ta kwantar da shi a cinya, ta tara kunu a tafin hannu a bakinsa, ta toshe hanci sai ya haɗiye. In an gama ya yi ta tari har idonsa ya kaɗa, kuma zazzaɓi ba ya barinsa. Hadiza kuwa ɗanta na fari ne, a gaban uwar miji ko kallonsa ba ta cika yi ba, balle ta buɗe baki ta ce ba ya ci. Sai dai ta shiga ɗaki ta share hawaye ta fito.

"Takardar taku ta je gidan?"

Na ce ta je, har sau biyu.

"Me ta ce a kan angona?"

Na ce ta ce lafiyarsa ƙalau.

"Wa ta tambaya?"

Ta jawo turmi ta kifa ta zauna a kai, ta daɗe tana kallona.

"Malam, 'ya'ya bakwai na haifa maka. Wanne ka taɓa ba kunu da hannunka?"

Na ce ai ba aikina ba ne.

"To shi ne ka je ka tambayi waɗanda ba aikinsu ba ne, ka rubuta."

Washegari na jira Dakta ta gama zagaye, ta zauna za ta sha shayinta, na shiga na tsaya. Shayin nan a kofi ya huce. Na faɗa mata komai, tun daga furar Maruta har tarin Abba. Ta tambaye ni a gida nawa na yi magana da uwa. Na ce ko ɗaya. Ta ɗora hannu a kan ƙunshin takarduna, ina jiran tsawa, sai na ga ta yi ajiyar zuciya kamar wadda aka sauke wa kaya.

"Ke nan takardar ba makauniya ba ce," in ji ta. "Ba a taɓa shigar da ita gidan ba ne."

Sannan ta ba ni nawa rabon, ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce aikin damina guda na zubar a rariya. Ba zan ƙara riƙe biro a wannan aiki ba. Za a rubuta a rahoto cewa an watsar da zagayen farko na Gwaram, da dalili. Kuma zan koma kowane gida in faɗa da bakina abin da na yi da sunan matansu. Na ce na yarda da duka, roƙona ɗaya ne, a fara da gidan Hadiza, yau.

Ta haɗa ni da Talatu, ɗaya daga cikin ma'aikata matan nan biyu. Na biya gida na roƙi Innarku ta bi mu, kuma ina jin wannan ne karon farko da na roƙe ta abu maimakon in ce ta yi. Muka shiga bas zuwa Gwaram. Su suka wuce ciki, ni na zauna a zauren nan tare da Ibrahim, na gaya masa gaskiya, wannan karon ni ne mai kallon takalmi. Abin da ya faru a ciki Innarku ce ta ba ni labari. Talatu ta karanta tambayar farko, Hadiza ta sunkuyar da kai, uwar mijin ta amsa da lafiya lau. Tambaya ta biyu ma haka. Sai Innarku ta tashi ta kama hannun tsohuwar, ta ce tun ranar suna take son ta koya mata yadda take yin daddawarta, ta ja ta bayan rumbu. Suna ba da baya Hadiza ta fara magana, kamar an fasa randa. Ba ta ambaci sunansa ba ko sau ɗaya, yaron nan take cewa, amma ba tambayar da ba ta amsa ba, har da waɗanda ba a yi mata ba. Wuri ɗaya suka tsaya, inda takarda ta ce minti nawa yake yi yana cin abinci. Hadiza ta ce ita ba ta ciyarwa da agogo. Lokacin Innarku ta dawo, sai ta tambaye ta ko tuwon yana hucewa kafin ya gama, ko har sandarewa yake yi. Hadiza ta ce har kaji su gaji da jira su watse. Talatu ta rubuta wannan a gefe. Da ta haɗa amsoshin ta fito zaure da takarda a hannu, ta ce yaron nan yau zai kwana Birnin Kudu.

Dakta ta zaunar da shi ta ba shi abu ya sha tana kallon maƙogwaronsa, ta saurari ƙirjinsa. Ta ce haɗiyarsa ce ba ta nuna ba, abu mai ruwa-ruwa yana bin hanyar numfashi ya sauka ƙirji, ɗura kuma ƙara tura shi take yi. Aka yi maganin ƙirjin. Ta ce daga yau ba ɗura, kunu mai kauri, a zaune, da ƙaramin cokali, kuma a kwanonsa shi kaɗai. Kakarsa ta ɓata rai, ta ce da ɗura ta raini 'ya'ya tara ba wanda ya mutu a hannunta. Ina ganin za a yi rigima, sai Innarku ta dafa ta.

"Ni ma da ita na raini bakwai, Yaya. Amma angon nan namu ɗan gayu ne, sai da cokali."

Tsohuwar ta yi dariya har da tafa hannu. Ita ce ma daga baya ta fi kowa tsaron kwanon nan, ba jikan da ya isa ya sa hannu a ciki.

Aka sake zama a kan takardar, wannan karon da Innarku a ofis, ta naɗe ƙafa a kan kujera, Malam Nasiru mai digiri yana rubuta abin da take faɗa. Aka ƙara tambayar ko yaro yana ci shi kaɗai ko a kwanon taro. Aka ƙara ta ɗura. Aka ajiye hucewar tuwo a gefen minti. A sama aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa a keɓe uwa a tambaye ta ita kaɗai, musamman in ɗan fari ne. Aka sake ba wani ya mayar Turanci, Dakta ta aika wa masu takardar na asali, suka amince. Sannan aka koma Gwaram daga farko. Aikina a wannan zagaye shi ne zaure. Mata su shiga, ni in riƙe maigida da hirar taki da kasuwar riɗi har su fito, bayan na faɗa masa laifina. Wasu sun ɗaure fuska, ɗaya ya naɗe tabarmarsa ya bar ni a tsaye, kuma da gaskiyarsa. Dattijon nan na Maruta kuwa ya saurare ni har ƙarshe.

"Dama na yi mamaki, Malam. Ni ko da wane hannu yake ci ban sani ba. To furar da ka sha fa, ita ma za ka dawo da ita?"

Bayan an gama girbi Dakta ta tara mu. Ta jera takardun Gwaram a hannun dama, abin da ta gani da idonta a jikin yaran a hannun hagu, tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana haɗawa. Yaran da takarda ta nuna, su ne ta samu da matsala. Waɗanda ta sallama, masu lafiya ne, in ban da 'yan kaɗan da ta ce kowane ma'auni yana da irinsu. Amsar da iyaye mata suka bayar bayan mako biyu ta tsaya a kan ta farko. Ta miƙe tsaye ta ce takarda ta ci, a gari da ƙauye. Talatu ta rangaɗa guɗa a cikin ofis har masu jinya suka leƙo. Malam Nasiru ya rungume ni, ni da na bar shi ya ɗauki laifina. Ni kuwa ina dariya hawaye yana zuba, don a safiyar ranar aka ɗora Abba a kan sikelina, da hannuna na matsar da ma'aunin gaba, karo na uku a jere. Dakta ta kira Innarku gaba, ta ce mata Malama, ta ce ta faɗi wani abu. Innarku ta gyara mayafi ta ce ita ba ta da jawabi, a dai riƙa tambayar mai riƙe da ludayi.

Da Babbar Sallah Hadiza ta zo gida da shi. Innarku ta dama kunu mai kauri, ta zuba a ɗan kwanonsa, ta wuce uwarsa, ta wuce ku duka, ta dire shi a gabana. Ta ce ga kishiyarka nan, ka ciyar da shi. Gemuna ya yi fari a aikin awon yara, amma ranar na fara sanin cewa sai ka jira yaro ya haɗiye kafin ka ɗebo wani, kuma jiran yana da tsawo. Rabin kunun a rigar Sallata ya ƙare. Ɗaya rabin ya shanye tas, bai yi tari ba ko sau ɗaya, ya kama cokalin yana neman ƙari. Yanzu kun ga yadda yake, in ya zo hutu sai na yi da gaske nake samun loma a kwanona.

Kafin a ƙone takardun zagayen farko na roƙi Dakta ta ba ni guda ɗaya. Tana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardar ritaya. Za ku ga sunan Hadiza a sama da rubutuna, za ku ga an ce yaron lafiyarsa ƙalau. Kada ku yage ta, ku nuna wa 'ya'yanku. In kuma wani ya zo yana tambayar yadda aka yi takardar nan ta shiga ƙauye, kada ku shimfiɗa masa tabarma a zaure ku kira ni. Ku yi masa iso wurin Innarku.